SHARHI: Shekaru da ƙarkon jiki: Ko Luka Doncic zai iya kamo tarihin makin LeBron James?

A daren 21 ga Oktoba, 2025, aka buɗe sabuwar kakar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, NBA. Masu bibiyar gasar daga Najeriya, waɗanda suka saba hana idonsu barci har bayan ƙarfe uku na dare, sun ga abin da ba a taɓa gani ba tun 2003: an buɗe kaka LeBron James yana zaune a gefen fili cikin kayan gida. Ciwon jijiyar da ke saukowa daga ƙugu zuwa ƙafa ne ya hana shi wasa, yana da shekara 40.

Abokin wasansa a ƙungiyar Los Angeles Lakers, Luka Doncic, ɗan ƙasar Slobeniya mai shekara 26, ya ci maki 43 a wannan dare a karawa da Golden State Warriors. Kwana uku bayan haka ya ci 49 a kan Minnesota Timberwolves. Maki 92 ke nan a wasa biyu. Sai kuma aka sanar da cewa ya ji rauni a yatsa da ƙafa, ya zauna wasanni uku a jere bai taɓa ƙwallo ba.

Wannan mako guda ya tattara dukkan muhawarar da ake yi a kan makomar matashin. Babu mai jayayya a kan iya cin makinsa. Abin da ake tambaya shi ne ko jikinsa zai ba shi damar tara makin da zai kai shi inda James ya kai, da kuma shekara nawa zai iya ɗauka yana yi.

Yadda ake tara makin

Tarihin da ake magana a kai shi ne na yawan makin da ɗan wasa ya ci a wasannin kaka na yau da kullum, waɗanda kowace ƙungiya ke buga 82 a shekara. Makin da aka ci a zagayen fitar da gwani na ƙarshen kaka, ko a wasan ƙasa da ƙasa, ba ya shiga wannan lissafi.

Kareem Abdul-Jabbar ya karɓi wannan tarihi daga hannun Wilt Chamberlain ranar 5 ga Afrilu, 1984, ya kuma yi ritaya a 1989 da maki 38,387 cikin wasanni 1,560. Kusan wata tara bayan ya karɓi tarihin aka haifi LeBron James a garin Akron na jihar Ohio, ranar 30 ga Disamba, 1984. Sai da aka yi kusan shekara 39 kafin James ya wuce shi, ranar 7 ga Fabrairu, 2023. Zuwa ƙarshen kakar 2024/25, James yana da maki 42,184 cikin wasanni 1,562, kuma a lokacin bai ajiye ƙwallo ba.

Abu uku ne ke haɗuwa su ba da irin wannan adadi: makin da mutum ke ci a kowane wasa, yawan wasannin da yake bugawa a kowace kaka, da yawan kakannin da ya yi a fili. Na farko shi ne ke jan hankalin 'yan kallo da masu yaɗa gajerun bidiyo a intanet. Na biyu da na uku su ne ke yanke hukunci, kuma dukkansu biyu suna hannun lafiya da shekaru.

Michael Jordan hujja ne a kan haka. Matsakaicin abin da ya ci a kowane wasa maki 30.1 ne, mafi yawa a tarihin gasar, kuma sau goma yana zama zakaran cin maki na shekara. Amma wasanni 1,072 kacal ya buga. Ya karye a ƙafa a kakarsa ta biyu, inda ya buga wasanni 18, ya bar wasan a 1993 na kusan kaka biyu, ya sake barin sa daga 1998 zuwa 2001. Ya tashi da maki 32,292, wato zuwa ƙarshen kakar 2024/25 James ya ba shi ratar kusan dubu goma, alhali matsakaicin James maki 27 ne a wasa.

Inda Doncic ya tsaya

Doncic ya shiga NBA a 2018 yana da shekara 19. A kakanninsa bakwai na farko, ya buga wasanni 450, ya tara maki kusan 12,900, wato kimanin 28.6 a kowane wasa. A kakar 2023/24 ya zama zakaran cin maki da 33.9 a wasa, kuma a cikin Janairun 2024 ya ci 73 a wasa guda a kan Atlanta Hawks.

Idan aka ajiye wannan kusa da kakanni bakwai na farko na James, sai a ga abin mamaki. James ya ci maki 27.8 a wasa a tsakanin 2003 da 2010, ƙasa da na Doncic. Amma ya buga wasanni 548, ya tara maki 15,251. Wanda ya fi ci a kowane dare shi ne aka bari a baya da fiye da maki 2,300, saboda an riga shi da wasanni 98, fiye da kaka guda cur.

Adalci ne a ambaci cewa annobar korona ta gajarta biyu daga cikin kakannin Doncic. Sai dai wannan ya rage wasanni ƙasa da ashirin ne. Sauran duk rauni ne da hutu. Wasanni mafi yawa da ya taɓa bugawa a kaka guda su ne 72, a shekararsa ta farko. James kuwa bai taɓa yin ƙasa da 75 ba a kakanninsa bakwai na farko.

Ga lissafin abin da ya rage. A ƙarshen kakar 2024/25, Doncic yana buƙatar maki kimanin 29,300 kafin ya kai inda James ya tsaya a lokacin. Idan ya ci gaba da cin 28.6 a wasa, zai buƙaci wasanni fiye da dubu ɗaya. A kan yadda ya saba, wato wasanni 64 a kaka, kakanni 16 ke nan, ya kai shekara 42 ba tare da hannunsa ya yi sanyi ko sau ɗaya ba. Babu ɗan wasan da ya taɓa yin haka. Kuma duk makin da James ya ƙara bayan wannan lokaci yana ƙara nisanta tafiyar.

Abin da shekaru ke yi wa gwanaye

Ma'aikacin gwamnatin tarayya ya san ranar da zai ajiye aiki tun ranar da ya kama shi: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Ɗan ƙwallon kwando ba shi da irin wannan takarda. Jikinsa ne ke sallamar sa, kuma sau da yawa ba ya ba da sanarwa.

Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas wanda ya lashe kofin NBA da Houston Rockets a 1994 da 1995, misali ne na yadda gangarar take. A kakar 1994/95, yana da shekara 32, ya ci maki 27.8 a wasa. Kaka biyu bayan haka ya sauko zuwa 23.2. A 1997/98 ciwon gwiwa ya rage masa wasanni zuwa 47, makinsa ya faɗo zuwa 16.4. A kakarsa ta ƙarshe a Toronto, 7.1 yake ci. Ya yi ritaya a 2002 da maki 26,946 bayan kakanni 18. Gwanintar ƙafa da dabarun da aka san shi da su ba su gushe ba, gwiwa da baya ne suka daina ɗaukar nauyin.

Na Kobe Bryant ya fi zafi domin dare ɗaya ya faru. A kakar 2012/13, yana da shekara 34, yana cin 27.3 a wasa, kuma ya tara maki 31,617. Tsakaninsa da Abdul-Jabbar maki 6,770 ne, abin da kakanni uku da 'yan kai irin wadda yake ciki za su cike. Ranar 12 ga Afrilu, 2013, jijiyar agararsa ta tsinke. A kakanni uku da suka rage masa, wasanni 6, 35 da 66 ya buga, ya ƙara maki 2,026 kawai, ya tsaya a 33,643.

Karl Malone ya fi kowa kusantar tarihin kafin zuwan James. A kakanni 18 da ya yi a Utah Jazz, kusan bai san zaman benci ba. A kakarsa ta 19, yana da shekara 40, ya ji rauni a gwiwa a Lakers, ya buga wasanni 42, ya tafi da maki 36,928. Maki 1,459 suka rage masa, ƙasa da abin da ya saba ci a kaka guda.

Kevin Durant, wanda ya koma Houston a 2025, yana nuna wata fuskar lamarin. Matsakaicin makinsa a wasa ya ɗan fi na James, kuma shi ma da wuri ya fara, yana da shekara 19. Karayar ƙafa ta bar shi da wasanni 27 a 2014/15. Agararsa ta tsinke a wasan ƙarshe na gasar 2019, ya rasa kaka guda ɗungum, kuma a kakanni huɗu daga 2019 zuwa 2023 wasanni 137 ya buga. Ya dawo yana ci kamar da, abin da likitocin wasanni ke kafa misali da shi. Duk da haka ya kammala kakar 2024/25 da maki 30,571 yana dab da cika shekara 37, James yana gabansa da fiye da 11,000. Rauni bai rage masa iyawa ba, lokaci ya ci masa.

Abin da ya bambanta James

Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. James ya kammala kakar 2017/18 da maki 31,038 yana da shekara 33, kuma a wannan kakar ya buga dukkan wasanni 82. A daidai wannan shekarun ne yawancin gwanaye ke fara haɗa kaya. Shi kuwa a kakanni bakwai da suka biyo baya a Lakers ya ƙara maki 11,146. Yana da shekara 37 ya ci 30.3 a wasa. Yana da 40 ya ci 24.4.

Shi ma shekaru sun taɓa shi, amma ta ƙofar yawan wasanni suka shigo. A kakanninsa 15 na farko yana buga kimanin wasanni 76 a shekara. Babban rauninsa na farko ya zo ne ranar Kirsimeti ta 2018, lokacin da ciwon matsematsi ya zaunar da shi wasanni 17 a jere. Daga nan matsakaicinsa ya sauko zuwa wasanni 60 a kaka. Ma'ana, abin da James ke bugawa a shekarun tsufansa bai yi nisa da abin da Doncic ke bugawa a ganiyar ƙuruciyarsa ba. Wannan shi ne adadin da ya kamata ya dami magoya bayan matashin.

James ya kuma ci moriyar farawa da wuri. Daga makarantar sakandare ya shiga gasar yana da shekara 18. Abdul-Jabbar sai da ya yi shekara huɗu a jami'ar UCLA, ya fara yana da 22. A shekarun da Abdul-Jabbar ya ci makinsa na farko, James ya riga ya tara fiye da 8,000. Tun 2006 gasar ta rufe ƙofar tsallakowa kai tsaye daga sakandare.

Abin da ke taimaka wa Doncic, da abin da ke ja masa baya

Zamani yana tare da shi. A kakar da James ya fara, 2003/04, ƙungiya na cin kimanin maki 93 a wasa. A 2023/24 adadin ya haura 114. Wasan ya ƙara sauri, jifan nesa mai maki uku ya zama abincin yau da kullum. Abdul-Jabbar sau ɗaya tak ya jefa irin wannan ƙwallo ta shiga a tsawon rayuwarsa ta wasa. Doncic yana jefa uku ko fiye a yawancin darare.

Salon wasansa ma na iya jure tsufa. Bai dogara da gudu ko tsalle ba. Ƙarfin ƙirji, iya tsayawa cak a tsakiyar gudu, da karanta motsin mai tsaron sa su ne jarinsa, kuma irin waɗannan ba su saurin gushewa. A nan ya bambanta da Giannis Antetokounmpo, ɗan ƙasar Girka wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, wanda ya haura maki 20,000 a Maris ɗin 2025 yana da shekara 30. Yawancin makin Antetokounmpo daga kutsawa ƙarƙashin kwando yake fitowa, aikin da ke buƙatar ƙafa da gwiwa masu ƙarfi a kowane dare.

A ɗaya ɓangaren kuma, jikin Doncic ya girmi shekarunsa a wajen aiki. Ya fara bugawa babbar ƙungiyar Real Madrid ta Sifaniya yana da shekara 16. Ya lashe kofin Turai da Slobeniya a 2017, ya lashe gasar zakarun ƙungiyoyin Turai a 2018, duk kafin ya taka ƙasar Amurka da sunan wasa. Kusan kowane lokacin hutu yana amsa kiran ƙasarsa: wasannin Olamfik na Tokyo a 2021, kofin Turai a 2022, kofin duniya a 2023, neman gurbin Olamfik a 2024 makonni kaɗan bayan ya buga wasan ƙarshe na NBA da Boston Celtics, sai kuma kofin Turai a 2025. Babu maki ɗaya daga cikin waɗannan da zai shiga lissafin NBA, amma gwiwa da idon sawu suna biyan kuɗin.

Sai batun sharaɓa. Ranar Kirsimeti ta 2024 ya ji rauni a sharaɓar hagu, ya yi fiye da makonni shida bai buga ba. Rauni ne da ƙungiyoyi ke taka-tsantsan da shi, domin Durant a 2019 da Tyrese Haliburton na Indiana Pacers a 2025 duk suna fama da ciwon sharaɓa ne lokacin da agararsu ta tsinke. A zagayen fitar da gwani na 2025 kaɗai, fitattun 'yan wasa uku, Haliburton, Jayson Tatum da Damian Lillard, suka faɗi da wannan rauni.

Kuɗin da ke bin ƙarko

Wannan muhawara ta wuce hirar majalisar masu kallo, domin ta riga ta sauya rayuwar Doncic. A farkon Fabrairun 2025, yana jinyar sharaɓar, Dallas Mavericks ta miƙa shi ga Lakers ta karɓi Anthony Davis, cinikin da ya girgiza gasar. Kafofin yaɗa labaran Amurka da dama sun ruwaito cewa damuwa a kan ƙibarsa da yadda yake kula da jikinsa na cikin dalilan shugabannin Dallas. Da ya zauna a can, ya cancanci kwantiragin shekara biyar na kimanin dala miliyan 345. Sauyin ƙungiyar ya soke wannan dama. A watan Agusta ya sa hannu a kan na shekara uku da Lakers a kan dala miliyan 165.

Ita ma hukumar gasar ta ɗaura lada a kan halarta. Daga kakar 2023/24, duk wanda bai buga wasanni 65 ba, ba ya shiga takarar gwarzon shekara ko jerin fitattun 'yan wasan kaka, kuma wasu manyan kwantiragi sun rataya ne a kan waɗannan lambobin yabo. Doncic ya shiga sahun farko na wannan jeri shekara biyar a jere daga 2020 zuwa 2024. A kakar 2024/25 wasanni 50 ya buga, sunansa bai ko shiga akwatin zaɓe ba.

Ya nuna ya ji saƙon. Ya shafe hutun 2025 yana motsa jiki da kiyaye abinci, ya dawo a rame, duk wanda ya gan shi ya shaida. Ko wannan zai ɗore, kakanni uku ko huɗu masu zuwa ne za su nuna.

Ina zai iya kaiwa?

Ana iya gwada hasashe biyu da alƙalami. Na farko, ya ci gaba yadda ya saba: wasanni 65 a kaka, maki 28 a wasa, har ya kai shekara 35. Zai tara kimanin 29,000. Idan ya ƙara kakanni uku yana cin 22 a wasanni 60, zai kai wajen 33,000, kusa da Bryant da Jordan. Wannan kaɗai zai sa shi cikin manyan masu cin maki a tarihin gasar.

Na biyu shi ne mafi kyawun abin da za a iya fata: wasanni 72 a kaka, maki 30 a wasa, kakanni tara a jere ba babban rauni, sannan wasu biyar yana cin 23 a wasanni 65, har ya cika shekara 40. Jimillar ba ta kai 40,000 ba. Ko a wannan mafarkin, James na gabansa da fiye da maki dubu biyu, ba a ma lissafa abin da zai ƙara kafin ya yi ritaya ba.

Akwai kuma batun niyya. A lokacin da James ke dab da wuce Abdul-Jabbar, 'yan jarida sun tambayi Doncic ko yana hangen irin wannan doguwar tafiya. Ya nuna cewa shekara ashirin a fili ta yi masa yawa, gara ya koma gonarsa a Slobeniya. Matashi ne ya yi maganar, kuma ra'ayi na sauyawa, amma James, Malone da Abdul-Jabbar duk sun zaɓi su ci gaba da tashi da asuba zuwa ɗakin motsa jiki shekaru bayan sun tara abin da zai ishe su.

Don haka wanda ke son sanin ko tarihin James na cikin haɗari, kada ya tsaya a kan daren da Doncic ya ci 49 ko 60, domin irin waɗannan darare za su yi ta zuwa. Ya jira watan Afrilu ya duba yawan wasannin da ya buga. Idan adadin ya haura 70, kuma ya maimaita haka shekara uku ko huɗu a jere, a sake buɗe maganar. Idan ya tsaya a sittin da 'yan kai, to abin da ke gabansa shi ne kofuna da lambobin gwarzon shekara, waɗanda ba su buƙatar shekara ashirin, tarihin maki kuwa ya zauna a hannun mai shi.